Ganye Ma Shanya Yake So

Duk macen da ta ga damina a ɗakin aurenta a ƙasar Zazzau ta san wankin watan Agusta ba a yinsa da ka. Tun da asuba take duban gabas. In gari ya nuna alamar zai buɗe, sai ta yi maza ta jiƙa kaya, don ta san ranar marka aro ce, yanzu mai ita zai karɓe abarsa. Ba ta jibga zannuwa a kan juna a igiya. Kowanne sai ta yarfe shi, ta baza, ta bar masa tsakani inda iska za ta ratsa. In igiya ta cika, sauran kayan su jira gobe. Ko da hadari ya kore ta ta kwashe su da sauran laima, ba za ta ninke ta tura adaka ba, sai dai ta rataye su a ɗaki ko a zaure har su ƙarasa. Ta san abin da ke biyo bayan ganganci: baƙin ɗigo-ɗigon funfuna a jikin farar shadda, wanda sabulu ba ya fitarwa, bula ba ta rufewa, ga wari da ke kama duk abin da ke cikin akwatin.

Wannan sani na tsakar gida shi ne kusan duk abin da mai lambun bayan gida yake buƙata don ya tsare kabewarsa da kokwambarsa daga cutar da ke cinye musu ganye a tsakiyar damina. Abin da ke ba ni takaici shi ne sanin yana cikin gidan, amma ba ya tsallaka darni ya shiga lambu.

A Taba da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga Hunkuyi zuwa Likoro, har ka dangana da Makarfi da Ikara, da wuya ka sami gidan da babu ɗan abin miya a bayansa. Ga kabewa ta hau darni tana neman rufin ɗaki, ga gurji, ga duma, ga yakuwa da kuɓewa, a 'yan shekarun nan kuma kokwamba da kankana sun shigo sun sami wurin zama. A watan Yuli lambun gwanin sha'awa, kore shar. Ana shiga marka sai ka fara ganin tabo rawaya a saman tsofaffin ganyayen kokwamba. Tabon ba zagayayye ba ne, yana da kusurwa-kusurwa, saboda jijiyoyin ganyen ne suke yi masa iyaka. Kwana kaɗan sai rawayan ya koma ruwan ƙasa, tabo ya haɗe da tabo, ganye ya bushe ya naɗe yana tsaye a kan sandarsa. A jikin kankana tabon ya fi duhu, ba shi da tsari, ganyen kuma yakan murɗe ya dubi sama. Cikin mako biyu lambun da ya rufe ƙasa ya zama kamar an bi shi da wuta. Cutar ba ta taɓa 'ya'yan kai tsaye, shi ya sa ake raina ta da farko. Amma ganye shi ne madafar shuka. In ya tafi, kokwamba ta fito a tanƙware, kankana ta nuna babu zaƙi, rana kuma ta ƙona bayan kabewar da ta rasa inuwa.

Mafi yawan mutane in suka ga haka sai su ce taki ne ya ƙare, ruwan sama ya wanke shi, sai a ƙaro yuriya ko kashin kaji. Wasu su ce tsutsa ce, a sayo maganin ƙwari a fesa. Duka biyun asarar kuɗi ne, na farkon ma ƙara wa cutar abinci yake yi. Rashin taki yakan sa tsohon ganye ya yi rawaya gaba ɗayansa, bai ɗaya, ba tabo-tabo mai kusurwa ba. Wanda yake son ya tabbatar, ya fita bayan sallar asuba tun raɓa ba ta bushe ba, ya juya ganyen. A ƙarƙashin kowane tabo zai ga wani laushin gashi-gashi, launin toka mai sirkin shuɗi. In bai gani ba, ya tsinke ganyen, ya sa a leda tare da ɗan jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗaure, ya ajiye a wuri mai duhu ya kwana. Da safe in cutar ce gashin zai fito sarai. Ita ce funfunar ƙarƙashin ganye, wadda malaman gona ke kira dauni mildiyu.

Akwai wata da ake rikita ta da ita, kuma rikicin yana da tsada. Waccan fara ce fat, kamar an barbaɗa gari a saman ganye, tana gogewa da yatsa, kuma ta fi yawa da rani da farkon hunturu a jikin kabewa da kuɓewa, don ita ba ta buƙatar ganye ya jiƙe. Maganin waccan daban, na wannan daban.

Ita wannan ta ƙarƙashin ganye, ko da yake da ido kamar funfunar tufafi take, masana sun gano ba danginsu ɗaya ba. Ta fi kusa da gansakukar ruwa, kuma rayuwarta duka a kan ruwa ta rataya. Wadda ke kama dangin kabewa sunanta na kimiyya Pseudoperonospora cubensis, don a ganyen da aka samo daga tsibirin Kuba aka fara bayyana ta a 1868. Ga yadda take yi. Da dare, in iska ta cika da laima, sai ta turo 'yan rassa ta ƙananan ƙofofin numfashi da ke ƙarƙashin ganye, kowane reshe ɗauke da jakunkunan iri. Gashin nan da ake gani ke nan. Da hantsi, in iska ta fara bushewa, jakunkunan su tsinke, iska ta kwashe su, wasu su faɗa ganyen da ke kusa, wasu su yi tafiyar kilomita masu yawa. In jakar ta sauka a busasshen ganye, ba ta iya komai, kuma hasken rana mai ƙarfi yana kashe ta cikin sa'o'i. In kuwa ta sauka a jiƙaƙƙe, sai ta fashe, 'yan ƙwayoyi masu wutsiya su fito suna iyo a cikin ɗigon ruwan har su sami ƙofar numfashi su shige. Iyo suke yi na gaske, ba su da wata hanyar tafiya sai ita. Idan zafin gari yana tsakanin digiri 20 da 25, jiƙewar sa'a biyu na iya isarsu, in ya ɗan fi haka sanyi sukan buƙaci kamar sa'a shida. Bayan kwana huɗu zuwa goma sha biyu tabo ya bayyana, sabon iri ya fito, a sake zagaye.

To, a duba yadda Agusta take a ƙasarmu. Ruwan shekara a yankin Zariya ya kai kimanin milimita dubu ɗaya, kuma kaso mafi tsoka a wannan wata yake sauka. Dare yana sauka wajen digiri 20, rana tana ɓuya a bayan gajimare wuni guda, raɓa tana kai wa hantsi. Babu abin da cutar take nema da ba ta samu ba. Zafin bazara da ke haura digiri 35 kuwa yana danne ta, shi ya sa ba a jin labarinta a watan Afrilu.

Ke nan tambayar da ya kamata mai lambu ya riƙa yi wa kansa ita ce wadda mai wanki take yi: sa'a nawa abin nan zai yi a jiƙe? Ruwan sama ba a hannunmu yake ba, raɓa ma haka. Amma tsakanin ganyen da ya bushe da ƙarfe takwas na safe da wanda ya kai azahar yana ɗiga akwai sa'o'i huɗu ko biyar, kuma waɗannan sa'o'in a hannun mai lambu suke.

A fara da ban ruwa. Babu mai hankalin da za ta yi wanki bayan la'asar a cikin marka, don ta san kayan a jiƙe za su kwana. Amma ban ruwan yamma shi ne al'adar lambunanmu, saboda a lokacin ne yara suka dawo daga makarantar allo ko Islamiyya, maigida kuma ya dawo daga gona. Sai a ɗauki garwa mai bakin rariya a bi shuka ta sama ana yi mata wanka, ganye ya kwana sharkaf, raɓa ta zo ta ɗora. Ganyen da aka jiƙa da ƙarfe biyar na yamma zai iya yin sa'a goma sha biyar bai bushe ba. Shuka da saiwa take sha, don haka ruwa a gindi ake zuba shi, a hankali, da kwano ko buta ko ta 'yar hanya tsakanin kunya da kunya, kuma da safe. In an yi kwana biyu ba a yi ruwan sama ba a cikin damina, a tona ƙasa da yatsa tukuna. Sau da yawa akwai sauran danshi, ba a ma buƙatar ƙari. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa ko busasshen ganyen rake, wanda ba ya wuya a ƙasar Makarfi da Kudan, a gindin shuka, don ƙasa ta riƙe danshinta a rage yawan ban ruwan.

Sai batun cunkoso, kuma a nan ne na fi ganin ana cutar kai. Fili ya yi kaɗan, iri kuma ya tsiro duka, sai mutum ya ji tausayin cire ko ɗaya. Rami ɗaya shuka huɗu, taku ɗaya rami biyu. In suka yi yaɗo suka hau juna, ƙarƙashinsu ya zama adakar da aka cusa wa jiƙaƙƙun kaya: duhu, ɗumi, babu iska, ganyen ƙasa ba ya ganin rana daga fitowarta har faɗuwarta. A nan cutar take fara kafa sansani kafin ta hau sama. Kokwamba tana son kamar santimita 50 tsakanin shuka da shuka, da mita guda ko fiye tsakanin layi da layi. Kabewa tana son mita biyu. Shuka goma da suka sha iska sun fi talatin da suka shaƙe juna 'ya'ya, kuma za su fi su daɗewa suna bayarwa.

Kokwamba da gurji kuwa igiya suke so, igiya ta gaske. A kafa gora ko sanda mai ƙwari a kan kowane layi, a ja waya ko igiya a sama daidai tsayin mutum, a sauko wa kowace shuka da zare ta kama ta hau. Ganyen da ke rataye a iska yana bushewa da wuri fiye da wanda ke kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamar yadda zanen da aka baza a igiya ke riga wanda aka shimfiɗa a kan ciyawa. Ga shi kuma mai lambu yana iya ganin ƙarƙashin kowane ganye ba tare da ya durƙusa ba, 'ya'yan su fito a miƙe, ba ƙasa a jikinsu. In shuka ta kai ƙugu, a rage mata ganyayen ƙasa guda uku ko huɗu da suka tsufa, iska ta sami hanyar wucewa ta ƙarƙashi.

Wurin da aka sa lambun ma yana da nasa hukunci. Mace ba ta ɗaura igiyar shanya a lungun da ke tsakanin katanga da rumbu. Yawancin lambunan bayan gida kuwa a irin wannan lungun suke, katanga ta tare gabas, mangwaro ko dogon yaro ya rufe sama, darni mai kauri ya tare sauran iskar. Ranar safe ita ce mai shanyar raɓa, saboda haka dangin kabewa a ba su gefen da rana ke fara taɓawa, lungu mai inuwa a bar wa abin da cutar ba ta kamawa. In darni ya yi kauri da yawa, a sassauta shi ta sama, ya tare akuya amma ya bar iska. A sassabe ciyawar da ke tsakanin layuka, ita ma laima take riƙewa. Taki kuma a sa shi da awo. Kashin kaji mai yawa yana sa shuka ta yi ganye manya-manya masu taushi, ta yi duhu, wato daidai abin da ake gudu. Ruɓaɓɓen takin shanu da aka haɗa da ƙasa tun kafin shuka ya fi zama lafiya.

Idan tabo ya riga ya bayyana fa? A nan ma hukuncin adaka ne: rigar da ta yi funfuna fitar da ita ake yi tun ba ta shafi sauran ba, kuma ba a sa ran tabon zai goge. Ganyen da ya kamu ba ya warkewa, babu maganin gargajiya ko na kanti da zai mayar da shi kore. A tsinke shi, a sa a leda nan take, kada a yi ta yawo da shi a hannu ana kaɗa irin a kan na ƙalau, a kai shi nesa a binne. A yi wannan aikin bayan ganye ya bushe, don shiga lambu da raɓa yana sa hannu da riga su kwashi cutar daga layi zuwa layi. In an kama ta tun tana ganye biyar ko shida, ana iya jinkirta ta mako biyu ko uku, kuma mako uku a rayuwar kokwamba kwanduna ne.

Akwai wani abu game da wannan cuta ta dangin kabewa da ya kamata kowa ya riƙe: ba ta rayuwa sai a jikin ɗanyen ganye. In ganye ya mutu, ita ma ba ta daɗewa. To ina take fakewa daga damina zuwa damina? A jikin duk wani ɗan dangi da ya rage kore. Yankinmu yankin fadama ne, noman rani ba ya yankewa, kankana da kokwamba suna nan a bakin rafi har ruwan farko ya sauka. A cikin gida kuma ga soso da ya naɗe danga kusa da makwarara, ga garafuni da ya fito da kansa, ga tsohuwar kabewar da aka gama cin 'ya'yanta aka bar yaɗonta a kan rufi. Duk waɗannan masaukinta ne. Wanda ya gama girbi ya tuge yaɗon a ranar, ya taimaki kansa ya taimaki maƙwabcinsa, don iska ba ta san katanga ba. Kuma kada a shuka sabuwar kokwamba a gefen tsohuwar da ke fama da cutar.

Kowane dangin shuka da irin tasa. Ta kabewa ba ta kama albasa, ta albasa ba ta kama kabeji ko latas, kuma tumatir da tattasai da kuɓewa da yakuwa ba ruwansu da ta kabewa. Manoma sun daɗe da sanin 'yar'uwarta a gonar gero, wadda ke sa zangarniya ta fito da tarkacen koren ganye a maimakon ƙwaya. Ita ta gero da ta albasa suna da wani iri mai taurin ɓawo da ke kwanciya a ƙasa shekaru, ta albasa har a cikin kan albasar da aka ajiye don iri takan ɓuya. Don haka fangalin da albasa ta yi wannan ciwo a huta masa da albasa shekara uku ko huɗu, a sa wani abu dabam.

Akwai inda mai wanki ta fi mai lambu sa'a. In hadari ya haɗo, ita tana kwashe kayanta ta shige ɗaki. Ganye kuwa a waje zai tsaya. Idan aka shiga irin makon da ake wuni ana kwana ana yayyafi, duk tazara da igiya ba za su hana shi jiƙewa ba. A nan ne ake buƙatar abin da za a shafa masa, kuma abin da ya tabbata yana aiki, wanda ƙa'idojin noma marar sinadarin zamani suka amince da shi, shi ne tagulla.

Labarin gano shi a gonar inabi ya faru, kuma ya shafe mu, tunda Kudan ta yi suna da noman inabi a 'yan shekarun nan, 'yar'uwar cutar kuma ita ce babbar abokiyar gabar inabi a duk inda damina ke da laima. A 1878 aka fara ganinta a gonakin inabin Faransa, ta biyo dashen da aka shigo da shi daga Amurka, ta yi ɓarna mai yawa. A watan Oktoba na 1882 wani malamin ilimin tsirrai na jami'ar Bodo, Pierre Millardet, yana wucewa ta gonakin yankin Medok sai ya lura layukan da ke bakin hanya ganyensu na nan, na ciki kuwa ya zube. Da ya tambaya, aka ce masa na bakin hanyar ana yayyafa musu haɗin shuɗin gishirin tagulla da laim ne don masu wucewa su ga launin su ji tsoron tsinka. Ya yi gwaji na 'yan shekaru, a 1885 ya bayyana haɗin ga duniya, har yau kuma da sunan garin Bodo ake kiransa. Manoman koko a kudu maso yammacin Najeriya sun shafe shekaru da dama suna fesa magungunan tagulla don ruɓar ƙwallon koko, wadda ita ma dangin wannan cuta ce ke haddasa ta.

Haɗin da aka saba shi ne giram 100 na shuɗin gishirin tagulla, wato kofa salfet, da giram 100 na laim, a ruwa lita 10. Laim ɗin shi ne farar hodar ƙonannen dutse da ake shafe bango da ita, ba farar ƙasar da ake haƙowa a rami ba. Dangin kabewa ganyensu ba ya jure tagulla sosai, saboda haka a raba awon biyu, giram 50 da giram 50 a lita 10, a gwada a shuka biyu a jira kwana biyu kafin a bi sauran. Kowanne a narka shi daban a robar ruwa ko tukunyar ƙasa, ban da bokitin ƙarfe, sannan a tsiyaya ruwan tagullar a cikin ruwan laim ana motsawa. A tsoma sabuwar ƙusa ko wuƙa mai haske na ɗan lokaci. In ta fito da ja-ja a jikinta, laim bai isa ba, a ƙara. A tace da tsumma, a fesa a ranar, don ba ya kwana. Wanda ba ya son wannan hidima, shagunan kayan gona a Zariya suna sayar da hodar tagulla da aka riga aka haɗa, sai a bi awon da ke jikin takardar.

Abin da ake yawan kuskurewa shi ne lokaci. Tagulla ba ta shiga cikin ganye, a bayansa take zama ta kashe 'yan ƙwayoyin nan masu iyo kafin su sami ƙofa. Wanda ya riga ya shige ya wuce ta. Ba a fafe gora ranar tafiya: feshin farko kafin a ga tabo ake yinsa, da zarar marka ta kankama ko aka ji cutar ta ɓulla a lambun wani a unguwa. A juya bakin famfon feshi ya dubi sama, don ƙarƙashin ganye ne wurin aikin. A fesa a busasshen ganye, ba da tsakar rana ba, kuma a bar masa lokacin da zai sha iska kafin dare. A maimaita bayan kwana bakwai zuwa goma, ko bayan ruwa mai ƙarfi, saboda ruwa na wankewa, sabon ganyen da ya fito jiya kuma babu komai a jikinsa.

Ina roƙon kada a ɗauki tagulla abin wasa don an ce ƙa'ida ta yarda da ita. Ba ta ruɓewa, taruwa take yi a ƙasa shekara bayan shekara har ta cutar da tana da sauran masu gyara ƙasa. Shi ya sa Tarayyar Turai, daga 2019, ta ƙayyade kilo 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai. Tana kashe kifi, don haka ba a wanke famfo a rafi ko kusa da rijiya. Abin da ya fi damuna a gidajenmu shi ne tumaki. A cikin dabbobin gida babu wadda tagulla ke yi wa illa kamar tunkiya, tana taruwa a hantarta har ta kashe ta. Ganye ko yaɗon da aka fesa kada a jefa wa tumaki, kada kuma a bar bokitin haɗin inda za su sa baki. A rufe hanci da hannu lokacin feshi, a ɓoye hodar inda yara ba sa kaiwa, a wanke duk abin da aka tsinka kafin a ci.

Game da ruwan dogon yaro da toka, waɗanda su ne hannu ke fara kaiwa gare su, gaskiya ita ce amfaninsu a wajen ƙwari yake. Dogon yaro yana rage darɓa da tsutsa, toka tana korar ƙwaron da ke huda ganyen kabewa, kuma ban ce a daina ba. Amma ba sa tsayar da wannan cuta in ta taso. Haɗin madara da ruwa, da hodar soda, da farar wuta, da ake yaɗawa a waya, na waccan farar funfunar ta saman ganye ne, farar wuta ma tana ƙona ganyen kokwamba da kankana in akwai zafi. Mutum ya yi mako biyu yana fesa abin da ba ya aiki, yana ganin ya yi magani, alhali a makonnin nan ne tsinke ganye da buɗe wa lambu iska za su yi amfani.

Iri mai juriya yana taimakawa, kuma shi ne ya fi sauƙi ga gero, inda iri irin su SOSAT suka rage wa manoma wannan ciwo. A kokwamba ma akwai, sai dai kada a miƙe ƙafa a kansa. Tsofaffin iri irin su Poinsett, da har yanzu ake sayarwa a kasuwanninmu, sun yi shekaru suna tsare manoman Amurka, sai a 2004 wani sabon nau'in cutar ya ɓulla ya karya juriyar. A karanta bayan fakiti, a tambayi malamin gona ko masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ba ta da nisa da mu, a kuma gwada iri biyu ko uku a gefen juna. Wanda ya fi daɗewa da ganyensa a cikin marka a lambunka, shi ne naka.

Dabarar da ta fi duka arha ita ce a riga cutar. Kokwamba tana fara bayarwa cikin kwana arba'in zuwa hamsin. Wanda ya shuka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ya tallafa da ruwan rijiya in an yi fashin ruwa, zai ci mafi yawan amfaninsa kafin tsakiyar Agusta. Wanda ya bari sai ƙarshen Yuli, shukarsa za ta yi fure daidai lokacin da iska ta cika da irin cutar daga kowane lambu, raɓar Satumba kuma ta ƙarasa abin da marka ta fara. Idan kuma cutar ta riga ta cinye fiye da rabin ganye, a daina zuba kuɗi da tagulla. A tsinke 'ya'yan da suka isa, lafiyarsu ƙalau, ana ci. A tuge yaɗon a binne, a gyara wurin a watsa alayyafo ko rama, waɗanda cutar kabewa ba ta kamawa, cikin mako huɗu an fara yanka ana miya.